Hoto Biyu, Lamba Ɗaya

Umma ba ta ɗaga kai daga gugar da take yi ba lokacin da Auta ya shigo. Ya gaishe ta, ta amsa, ta ci gaba da danna dutsen guga a kan wuyan farar rigarsa ta aiki. Shekararsa talatin da huɗu, shi ne ƙaramin 'ya'yanta, kuma har yau ba ta yarda wani ya goge masa riga ba.

"Zauna," in ji ta. "Jiya ɗan baffan yarinyar nan ya zo."

"Mai kantin magani?"

"Tana da wani ɗan baffan da ya san hanyar gidan nan?"

Auta ya zauna a bakin gado. Ya san mutumin. Shekara biyar yana neman Malama, yarinyar da Auta ke son aura, ita kuma tana ce masa a matsayin wa ta ɗauke shi. Shi ke kawo mata maganin ɗigawa a ido kwali-kwali, don haka babu abin da bai sani ba game da ciwonta.

"Me ya ce miki?"

"Abin da kai ka ɓoye min." Ta juya rigar. "Ka ce min bushewar ido ce da bushewar baki. Na ce to, yawo da gorar ruwa ba ya hana aure. Ranar da babanta ya rasu na je na tarar da ita ido ƙamas kamar ba ubanta aka fitar ba, ka ce garkuwar jikinta ce ta juya mata baya ta ƙone mata hawaye da yawu, na yarda. Ba ka ce min yana sauka huhu ba. Ba ka ce min yana komawa ciwon daji ba."

"Ba kowa ba, Umma. Kaɗan ne daga cikin masu shi."

"Haka aka ce min a kan babanka."

Ta danna dutsen gugar a kan hannun rigar.

"Shekara shida na yi ina jinyarsa. Na san yadda mutum ke neman iska a ɗakin da taga uku ke buɗe. Kai kana makaranta, ba ka gani ba. Ban raine ka don ka gaji tabarmata ta asibiti ba."

"Ina son ta, Umma."

"Ni ma ina son babanka. Son bai ƙara masa numfashi ɗaya ba." Ta jingine dutsen gugar, ta miƙa masa rigar da ɗuminta. "Kai ne mai ɗaukar hoton ƙirjin mutane. An ce yau za ta zo wurinka saboda tarin nan nata. Ka kawo min hoton da la'asar, gwaggonka za ta zo ta duba. Shekara talatin ta yi tana aikin nas, ba za ka rufe ta da kalmomin asibiti ba. In fes yake, ranar Asabar kawunnanka za su je tambaya. In ba haka ba, kada ka sake kawo min maganarta."

Ɗakin hoto yana ƙasan asibitin, ƙarshen wani dogon baranda mara taga. Ƙofarsa mai nauyi ce, da jan ƙwan lantarki a samanta. A bakin ƙofar akwai benci biyu, kullum a cike.

Ƙarfe goma Malama ta iso. Mai kantin magani ne ya kawo ta a motarsa, yana riƙe mata jaka kamar wanda aka riga aka ba shi.

"Angon gobe," in ji shi, ya miƙo wa Auta hannu. "Ka ɗauka da kyau."

"Aikina ne."

"Na sani. Ni dai duk abin da ya fito ba ya ba ni tsoro, a haka nake son ta. Kai fa? Ko sai an tambayi Umma?"

"Yaya, in faɗa za ku yi ku bari in zauna tukuna," in ji Malama.

Lissafi take koyarwa a sakandare, shekararta ashirin da takwas. Tana magana ne gajere-gajere, tana kurɓar ruwa tsakanin jimla da jimla. Ta ja mayafinta ta gefen hagu don ya rufe kumburin da ke ƙarƙashin kunnenta. Wata huɗu ke nan kumburin bai sauka ba. A da yakan zo ya tafi.

Ta sauya riga a bayan labule, ta fito cikin shuɗiyar rigar asibiti da ta yi mata yawa.

"Mai hoto, a fito da ni kyakkyawa."

"Haƙarƙari duk ɗaya ne."

"Ƙarya kake. Nawa sun fi na kowa tsari."

"Manna ƙirjinki da allon. Hannu a ƙugu, kafaɗu gaba."

Ya koma bayan gilashi.

"Ja numfashi sosai. Riƙe."

Yana da al'adar ƙirgawa a zuciyarsa. Tsofaffi ma sukan kai goma. Yana kai huɗu tari ya ƙwace mata, busasshe, mai amo kamar ana yaga takarda. Amma ya riga ya danna.

Hoton ya fito a fuskar kwamfuta daga sama zuwa ƙasa. Saman huhun baƙi ne, yadda ya kamata. Daga tsakiya ya fara dusashewa. Ƙasan duka ɓangarorin biyu ya cika da fararen zare masu ratsa juna kamar yanar gizo-gizo a kusurwar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. A tsakiyar ƙirji kuma, saman zuciya, inda ya kamata inuwa ta zama siririya, ta yi faɗi, ta yi ƙullutu ta gefen dama.

Shi ba likita ba ne. Amma shekara goma sha ɗaya yana kallon irin wannan allon, ya kuma san waɗanda suka riƙa dawowa ana ɗaukarsu duk wata, da waɗanda suka daina dawowa.

"Yaya na fito?" ta tambaya daga can.

"Karatun hoto aikin likita ne."

"Ni ma doka za ka yi min?"

"Ke ce ma kika fi cancanta. Sa kayanki ki jira a benci."

Ta fita. Ya tura hoton zuwa na'urar bugawa.

A asibitin nan kwamfutar ɗakin hoto ba ta haɗe da ta likitoci. Ana buga hoto ne a baƙar leda, lambar majinyaci da lokacin bugawa a kusurwa, a sa a ambulan, majinyaci ya hau da shi da hannunsa. Lambar kuwa mai hoto ne ke rubuta ta.

Auta ya zauna yana kallon madannan. Sai ya buɗe hotunan jiya. Akwai wata mata mai shekara ashirin da bakwai da ta zo gwajin lafiya na neman aiki, siririya, tsayinsu ɗaya da Malama. Huhunta baƙi wuluk, fes, har ƙasa. Ya goge lambarta ya rubuta ta Malama. Ya ce a ransa na gaskiyar zai je wurin likita, wannan kuma ya je wurin Umma. Magani zai tafi a hanyarsa, aure a hanyarsa. Babu wanda za a cuta.

Ya danna. Na'urar ta fara jan leda ta biyu.

Ba ta gama fitowa ba wayar ɗakin ta yi ƙara. Motar haya ta kife, an shigo da mutum goma sha huɗu, ana neman mai hoto da na'urar hoto ta turawa a ɗakin gaggawa yanzu-yanzu.

Ya dubi ledar da ke fitowa a hankali. Ya ce minti goma ne. Ya tura na'urar hoton ya fita ta ƙofar baya, ko wayarsa bai ɗauka ba.

Awa uku ya yi.

Da ya dawo bencin ya ragu, Malama ba ta nan. Abokin aikinsa, wanda kowa ke kira Dattijo saboda furfurarsa, yana zaune yana shan shayi. Tiren na'urar bugawa babu komai.

"Ina hotunan da na bari a nan?"

"Na sallami amaryarka. Layinta ya zo a sama, ɗan'uwan nan nata ya dame ni." Dattijo ya hura shayin. "Na ga ka ɗauka sau biyu. Hannu ya yi rawa ko? Soyayya ke nan, ni ma na yi."

"Wanne ka ba ta?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ni na koya maka. Lamba ɗaya, hoto biyu, na ƙarshen ne na likita, na farkon ya lalace. Yana kwando."

"Ka duba su?"

"Mutum arba'in ka bar min ni kaɗai. Kusurwa na duba."

Auta ya jira har Dattijo ya fita wanke kofi. Ya durƙusa gaban kwandon lalatattun hotuna, ya tona. Yana ƙarƙashin hoton wata karyayyiyar ƙafa. Ya goge shi da gefen farar rigarsa, ya sa a ambulan.

Ya hau sama. Likitan bai tashi ba, ana jin muryarsa a bayan ƙofa. Auta ya tsaya da ambulan a hannu. In ya ƙwanƙwasa, sai ya faɗi inda hoto na biyu ya fito. Sa lambar wani a hoton wani laifi ne da ba a yi wa gargaɗi, kora ce ranar, kuma babu asibitin da zai sake ɗaukarsa. Ya ɗaga hannu. Ya ji an kira mai lamba ta gaba. Ya matsa gefe ya ba wata tsohuwa hanya, ta shiga, ƙofar ta rufe.

Ya sauko.

Gidan su Umma a hawa na biyu yake, a wani dogon bene mai matattakalar siminti. Malama ta riga shi isowa, ta zo nemansa da albishir. Tana tsaye a gindin matattakalar cikin sabuwar doguwar riga ruwan toka, ta rungume ambulan a ƙirjinta.

"Kira goma sha ɗaya, mai hoto. Da mutuwa na yi sai dai ka ji a gari."

"Me likita ya ce?"

"Ya ce fes." Ta kurɓi ruwa. "Ya ɗora min abin sauraronsa a baya, ya ce yana jin 'yar ƙara a ƙasa, amma tunda hoto ya wanke ni, bushewar maƙogwaro ce. Kumburin kuma a sa masa ido. In dawo bayan wata uku. Mamana ta yi kuka, nata da nawa."

"Ɗan baffanki fa?"

"Ya karɓi hoton ya juya, ya sake juyawa, ya ce alhamdulillahi kamar an cire masa haƙori." Ta yi dariya, ta tsaya kafin dariyar ta zama tari. "Mene ne? Fuskarka kamar an aiko ka da saƙon rasuwa."

"Malama, wannan ba ƙirjinki ba ne."

Ta dube shi. Ya faɗa mata duka, a tsaye, bai rage komai ba, daga sharaɗin Umma har kwandon Dattijo. Da ya gama ta tattara rigarta ta zauna a kan matakala ta uku.

"Na wace ce?"

"Wata mai neman aiki."

"Ta samu aikin?"

"Ban sani ba."

"Allah ya sa ta samu. Huhunta na da kyau." Ta miƙo hannu. "Ba ni nawa."

Ya ba ta. Ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa.

"Yi min bayani."

"Ni ba likita ba ne."

"Ka iya zama maƙaryaci, likita ne ba za ka iya zama na minti biyu ba?"

Ya zauna a matakalar da ke ƙasa da ita, ya nuna da yatsa. "Wannan farin zaren tabo ne. Ciwon ya taɓa huhun, shi ke sa ki haki. Akwai maganin da ke rage masa gudu, amma abin da ya riga ya zama tabo ba ya komawa. Wannan na tsakiya kuma kaluluwa ce ta kumbura. In aka haɗa da na kunnenki, sai an yanki kaɗan an gwada."

"Daji."

"Yana iya zama, yana iya ƙin zama. In shi ne, irin wanda ke jin magani ne in an kama shi da wuri. Mutane da yawa suna warkewa."

"Wata uku da wuri ne?"

"A'a."

Ta mayar da hoton cikin ambulan ɗinsa, ta ajiye masa a cinya. Ta ɗauki ɗayan.

"Da wannan za mu hau."

"Malama."

"Kai ka buga shi don Umma. To ga Umma can sama."

"Na buga shi ne ina zaton na gaskiyar zai je wurin likita. Gobe sai mun koma. Ranar da kika koma kuwa ɗan baffanki zai sani, shi zai haɗa miki magani. Kashegari yana ɗakin Umma."

"Sai in ƙi komawa har a ɗaura."

"Asabar tambaya ce kawai. Kafin a sa rana, a ɗaura, wata biyu."

"To wata biyu. Jikin nawa ne."

"Ba ki san abin da wata biyu ke yi wa irin wannan hoton ba. Ni na sani, na ɗauki na farko na ɗauki na biyu a mutane da yawa."

"Kai ma ba ka san abin da shekara shida da ciwon nan ke yi wa mutum ba." Ta kurɓi ruwa. "Duk wanda ya kalle ni ciwo yake gani. Ɗalibaina gora suke kirana a bayan idona. Ɗan baffana yana so na ne yadda ake son aikin lada. Kai kaɗai ka taɓa yi min faɗa kamar mai lafiya. Yau awa huɗu na yi ni ma ina da lafiya. Na shiga kanti na sayi riga ban tambayi kaina ko zan kai lokacin sa ta ba. Ka bar min wata biyu in zama matarka, daga nan ka kai ni duk inda za a yanka."

Hawaye suka zubo masa. Bai share ba.

"Share," in ji ta. "Kada Umma ta gani. Ka yi min alkawari."

Bai ce komai ba. Ya sa ambulan ɗinsa a jaka, ya miƙe. Ta ɗauki shirun a matsayin amsa.

Sau biyu ta tsaya a hanya kafin su kai hawa na biyu. A bakin ƙofa ta ce ya jira. Ta jingina da bango har numfashinta ya ɗan daidaita, sannan ta gyara mayafi ta yi sallama.

Gwaggo na zaune a kujerar kusa da taga, tabarau a rataye a wuyanta. Ƙanwar mahaifin Auta ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Bayan gaisuwa ta karɓi ambulan ɗin, ta sa tabarau, ta ɗaga ledar ga hasken la'asar. Ta duba lamba a kusurwa, ta duba katin asibitin Malama. Ta bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya da farce.

Umma ba hoton take kallo ba, fuskar Gwaggo take kallo.

"Huhun mai wasan tsere," in ji Gwaggo. "Babu komai a nan."

Umma ta sauke numfashi. Ta matsa a kan doguwar kujera, ta bubbuga wurin da ke kusa da ita.

"Zo nan, 'yata."

Ba ta taɓa kiranta haka ba. Malama ta tashi daga kan darduma ta zauna kusa da ita, kanta a ƙasa.

"Na cuce ki da zato," in ji Umma. "An kawo min magana na hau na zauna. Tsoro ne, ba ƙi ba. Ki yafe min."

"Ba ki yi min komai ba, Umma."

"Wannan ɗan nawa ba ya cin abinci in ba a tsare shi ba, kuma yana da taurin kai irin na ubansa. Na faɗa miki tun yanzu, kada ki dawo min da shi."

"Kayan da aka saya ba a mayarwa, Umma."

Umma ta yi dariya, Malama ta taya ta. Auta yana tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ya ga lokacin da dariyar ta juya. Ta yi ƙoƙarin haɗiye tarin, ya ƙi. Ya zo a jere, busasshe, ba ya fito da komai. Ta lalubi gorarta, ta kasa buɗe murfin. Tsakanin tari da tari tana jan iska da ƙarfi, kafaɗunta na ɗagawa, iskar ba ta isa inda take so ta kai.

Umma ta fara bubbuga mata baya. Can sai hannun ya tsaya cak a kan bayan, a ƙasa, wajen haƙarƙari. Ta bar shi a nan tana saurare.

Gwaggo ta cire tabarau. Ta dubi leɓen Malama, ta dubi ledar da ke cinyarta, sannan ta dubi Auta.

"Amma hoto ya ce babu komai," in ji Umma, ba ta san wa take tambaya ba. "Ko ba haka kika ce ba?"

Malama ta ɗago. Ba ta iya magana ba tukuna. Ta kafa wa Auta ido, ta girgiza kai sau ɗaya.

Ya buɗe jakar. Ya miƙa wa Gwaggo ambulan na biyu.

"Wancan na wata ne. Ni na sa masa lambarta. Ga nata."

Gwaggo ba ta daɗe a kansa ba. Ta ɗaga shi, ta sauke, ta ajiye a hannun kujera a hankali.

"Likita ya ga wannan?"

"Wancan ya gani."

"Kai ka yi haka? Da farar riga a jikinka?"

"Ni na yi."

"Gobe da safe yarinyar nan ta kasance a gaban likita. Ba jibi ba."

Umma ta janye hannunta daga bayan Malama, ta ɗora a cinyarta. Ba ta matsa ba.

Malama ta samu ta buɗe gorar, ta sha. Ta miƙe, ta ɗauki hoton daga hannun kujerar, ta mayar da shi ambulan da kanta. Ta durƙusa ta yi wa Umma da Gwaggo sallama yadda ya kamata. Da ta zo wucewa ta gabansa ta tsaya.

"Ka zaɓar min."

"Na zaɓa."

Ta fita. Yana jin takunta a matattakala, a hankali, sai muryarta a waya. "Yaya, kana kusa? Zo ka ɗauke ni." Daga nan takun ya tsaya.

Auta ya juya zai fita.

"Ka raka ta ƙasa," in ji Umma a bayansa. "Ka dawo."

Ya tarar da ita zaune a kwanar hawa na ɗaya, ta jingina kanta da ƙarfen dafawa. Ya miƙa hannu.

"Kada ka taɓa ni."

Ya zauna a nesa da ita, matakala biyu tsakaninsu.

"Gobe zan shiga wurin likita da kaina in faɗa masa abin da na yi. In ba haka ba zai tsaya tambayar wanne ne na gaskiya, a ɓata wani satin."

"Za su kore ka."

"Za su kore ni."

"Ka rasa ni ka rasa aiki a yini ɗaya. Da a ajina kake da ka maimaita shekara."

Ƙarar mota ta tsaya a waje. Aka buɗe ƙofa, aka rufe.

"Ƙarfe takwas," in ji ta. "Ka riga ni shiga. Ba na son in ji kana faɗa."

"Bayan nan fa, Malama? Ni da ke?"

Ta dafa ƙarfen ta miƙe da kanta. Daga ƙasa ana jin takun mai kantin magani yana hawowa bibbiyu.

"Ka tambayi likita," in ji ta. "Shi ka miƙa wa ni."